Teburin Barau

Garinmu ba shi da mashaya.
In baƙo ya tambaya, sai a nuna masa teburin Barau:
gwangwanayen madara a jere kamar 'yan aji ɗaya,
tukunyar da ta yi baƙi tun kafin a zuba kwalta,
benci biyu, ɗaya ƙafarsa ta huɗu dutse ne.

Bayan isha'i Gujungu takan naɗe tabarmarta.
Shaguna su ja ƙyaure,
awaki su kwanta a gindin rumfunan gobe,
mahaɗar hanya kaɗai ke barin ido ɗaya a buɗe,
fitilar sola a kan gora
da ƙwarin da ba su gajiya da kewaya ta.

Ni sai ƙarfe ɗaya nake fitowa.
In bar ɗakin magani a hannun Allah da maigadi,
in tsallaka titi da warin asibiti a rigata.
Barau ba ya tambayata.
Ya san ruwan bunu ne, da citta, sukari rabin cokali.
Yakan sheƙa shi daga kofi zuwa kofi,
hannu sama, hannu ƙasa,
igiyar shayi ta miƙe tsakaninsu ba ta tsinke ba.

Can gefe Talle na fifita garwashi da murfin kwali.
Tsoka ta ƙare tun sha ɗaya,
sauran hanta da kitse da rantsuwa cewa na yau ne.
Yana naɗewa a tsohuwar takardar jarrabawa.
Na taɓa cin tsire a kan lissafin wani yaro,
ya ci uku cikin ashirin,
mai ya jiƙa sunansa, Allah ya rufa masa asiri.

Daren Asabar ne, gobe kasuwa.
Direbobin Haɗeja sun faka da tattasai,
suna cin indomi da ƙwai uku uku
kamar waɗanda aka ce ba abinci daga nan har Ikko.
Janaretan gidan kallo ya yi tari ya mutu,
samari suka fito da gardamar ƙwallo a baki,
kowa ya fi alƙalin wasa gani.
Ɗan'azumi ya sha kofi huɗu bashi.
Barau ya ja layi huɗu da gawayi a jikin katako,
katakon ya cika, ya koma bayan katakon.

Sai ga wani a kan babur, ba fitila.
Jatau, daga ƙauyen bayan fadama.
Na gane shi: matarsa na ɗakin haihuwa tun magariba.
Bai zauna ba.
Ya miƙa fulas, ya ce a cika da kauri,
ya ɗauki burodi, ya ajiye, ya sake ɗauka.
Ya zazzage aljihu a kan tebur,
kuɗin ba su kai ba.
Gardamar ƙwallo ta yi shiru.

Barau ya tura masa kuɗin da bayan cokali.
"Tafi da su.
In namiji ne ka sa masa Barau.
In mace ce ka kawo min kuɗina."
Direbobi suka tuntsire,
Jatau ma ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ido ba,
ya rungumi fulas kamar shi ne jaririn.

Na bi bayansa da sauran shayina a ciki.

Kiran assalatu ya same ni ina wanke hannu.
Ta taga na hango Kande na sauke kaskon ƙosai
daidai inda tokar Talle ke sauran ɗumi.
Barau na kife kofuna,
yana hamma, yana cire fitila daga gora.

Mace ce.
Kilo uku, murya kamar mai tallan goro.
Ban faɗa wa Barau ba tukuna.
Bari ya yi barcinsa da takwara.